Raɗaɗin Ciwon Daji a Damagaram: Ina Morfin Ya Tsaya, Ina Allura Ta Fara?

Idan likita ya ce wa dangin mai ciwon daji su koma da shi gida a ci gaba da addu'a, kowa ya fahimci zancen: cutar ta wuce inda wuƙar tiyata za ta kai. Sai a ɗauko mara lafiya daga babban asibitin ƙasa na Zinder, a sa shi a mota zuwa Zermu ko Magarya ko Tanut, a gyara masa shimfiɗa a ɗaki, a shiga jiran hukuncin Allah. Watannin da ke biyo baya su ne ba a cika magana a kansu ba. Mara lafiya ba ya runtsawa, masu jinya ba sa runtsawa, maƙwabta na jiyo nishi ta bayan katanga. Alhali a ilimin likita na yau, cutar da ta gagari warkarwa daban take, raɗaɗinta daban. Cutar tana iya fin ƙarfin likita, amma raɗaɗin da wuya ya gagare shi idan yana da kayan aiki a hannu.

Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna kusan mutum 2 cikin 3 na waɗanda ciwon dajinsu ya yi nisa suna fama da raɗaɗi. Cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2020 wajen mutum 10,000 ne suka kamu da cutar a Nijar, kuma dajin mama, na hanta da na bakin mahaifa suna sahun gaba. Jihar Zinder ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar, mutum fiye da miliyan 3.5 a ƙidayar 2012, saboda haka kasonta ba ƙarami ba ne. Dajin hanta ma yana da tushe biyu a nan: ciwon hanta nau'in B, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka adana su da damshi, ga shi Magarya da Matamai ƙasar gyaɗa ce tun zamanin Turawa. Akasarin masu cutar kuma ba sa isa gaban likita sai ta bazu, bayan an gwada jiƙo da shafi, an je wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Ke nan babban aikin da ya rage wa likita a kan mafi yawansu shi ne sauƙaƙa musu.

Kowane raɗaɗi da hanyarsa

Likitan da ya san aikinsa yakan fara da sauraron yadda mara lafiya ke kwatanta ciwon, domin a nan maganin yake. Wanda ya ɗora yatsa wuri ɗaya ya ce "nan ke sara, in na motsa sai ya ƙaru," yawanci cutar ta shiga ƙashi, kamar yadda dajin mama da na mafitsarar maza ke yi. Wanda ya shafa cikinsa duka ya ce "murɗa yake, yana zagayawa baya," raɗaɗin kayan ciki ne: hanta, tumbi, hanji ko mahaifa. Wadda ta ce hannunta na zafi kamar an zuba barkono, ko tana jin kamar tafiyar kiyashi, ko wani abu na fizgarta kamar lantarki, ƙari ne ya danne jijiyar saƙo ko ya ci ta. Nau'i na farko yana jin maganin kumburi da gashin haske, wato ƙona ƙari da hasken na'ura. Na biyu yana jin morfin sosai, kuma shi ne ya fi dacewa da allurar kashe jijiya. Na uku shi ne mai taurin kai, sai an haɗa da magunguna irin su amitiriftilin ko gabafentin.

Tsanin da ya rasa matakin sama

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake kira tsani mai mataki uku. Matakin farko farasitamol da danginsa. Na biyu kodin ko tiramadol. Na uku morfin. Ƙa'idar kuma a sha ta baki, a sha bisa agogo ba sai ciwo ya taso ba, a hau mataki idan na ƙasa ya kasa. Morfin na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki ana ba da shi duk bayan awa 4, ana ƙarawa sannu a hankali har raɗaɗi ya kwanta, tare da maganin sassauta ciki domin yana busar da bayan gida. Inda aka bi wannan tsari yadda ya kamata, mutum 70 zuwa 90 cikin 100 suna samun sauƙi.

Matsalarmu ita ce tsanin ya tsaya a mataki na biyu. Kwamitin da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa daga cikin tan 298.5 na morfin da danginsa da ake rabawa a duniya kowace shekara, tan 0.1 kacal ke isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba tsada ce ta jawo haka ba, garin morfin yana cikin magunguna masu araha. Yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta ɗora wa kowace ƙasa ta aika da ƙiyasin buƙatarta na shekara zuwa hukumar sa ido da ke Biyana. Ƙasar da likitocinta ba sa rubuta morfin sai ta aika da ƙaramin ƙiyasi, a shigo da kaɗan, likita ya nema ya rasa, ya daina rubutawa, baɗi ƙiyasi ya sake fitowa ƙarami.

Abin takaici, a kasuwa kuwa tiramol, wato tiramadol, ya fi goro sauƙin samu. Masu tallar magani a tire na sayar da ƙwayoyi masu ƙarfin miligiram 200 ko 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Matasan da ke sha don ƙarfin aiki ko don maye sun sa hukuma da jama'a kallon duk maganin raɗaɗi mai ƙarfi da ido ɗaya. Dangin mai ciwon daji kuma, da ba su da mafita, su ma tiren suke zuwa. Tiramadol yana da iyaka: fiye da miligiram 400 a yini ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya jawo farfaɗiya. Haka muka wayi gari mai lafiya na samun abin da ke cutar da shi, mara lafiya na rasa abin da zai taimake shi.

Allurar kashe jijiya

Ko da morfin ya wadata, akwai mutum 1 ko 2 cikin 10 da ba ya isar su, ko kuma amai da magagi da ruɗewa su hana a ƙara musu. Domin su ne aka ɓullo da ayyukan da wasu likitoci ke kira mataki na huɗu: a kai allura daidai kan hanyar da saƙon ciwo ke bi zuwa ƙwaƙwalwa, a toshe ta.

Mafi shahara shi ne na saman ciki. A bayan tumbi, gaban babbar jijiyar jinin da ke saukowa daga zuciya, akwai curin jijiyoyin saƙo da likitoci ke kira siliyak. Kamar tashar mota yake: duk saƙon ciwon da ya taso daga hanta, maɗaciya, tumbi da fankiriyas sai ya biyo ta nan kafin ya wuce laka. Likitan Jamus Max Kappis ne ya fara kai allura wannan yanki ta bayan mutum a 1914. Yau ana shigar da doguwar allura siririya ana kallon hoto, a fara zuba maganin sa wuri ya mutu don a gwada, sannan a zuba alkol tsantsa ko sinadarin fenol, su ƙone jijiyoyin. Aikin bai cika wuce awa ɗaya ba. Sauƙin yana ɗaukar makonni zuwa watanni, sau da yawa wata biyu zuwa uku ko fiye, kuma mara lafiya yakan rage yawan morfin da yake sha. An fi tabbatar da amfaninsa a dajin fankiriyas, amma ana yi wa masu dajin tumbi da na hanta.

Yana da nasa illoli. Gudawa ta ƴan kwanaki, saukar jini da jiri idan aka miƙe tsaye, da ciwon baya, duk an saba ganinsu, kuma suna wucewa. Shanyewar ƙafafu tana faruwa amma da wuya ƙwarai. Mai dajin hanta kuma sai an auna jininsa tukuna, domin hantar da ta lalace ba ta barin jini ya daskare, kuma cikin da ya cika da ruwa yana wahalar da aikin.

Ga matan da dajin bakin mahaifa ya ci musu ƙugu, akwai wani curin a ƙasan cibiya, gaban ƙashin baya na ƙarshe. Likitan Meziko Ricardo Plancarte ya bayyana yadda ake kashe shi a 1990, kuma shi ne ya nuna hanyar kai allura ga wani ɗan ƙulli da ke gaban ƙashin wutsiya, domin masu raɗaɗin dubura da matuci waɗanda ko zama ba sa iyawa. Akwai kuma kashe jijiyar da ke bin ƙarƙashin haƙarƙari, idan cutar ta ci awaza wuri ɗaya.

Abin da ya sa waɗannan suka shafe mu shi ne kayan aikinsu. A Turai ana yinsu da sikana ko na'urar da ake zurawa ta baki. Amma likitoci a babban asibitin AIIMS na Delhi a Indiya sun nuna ana iya kai allurar ta gaban ciki da na'urar eko, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, mara lafiya na kwance a gadonsa. Allura, alkol, eko, ruwan ƙari da ma'aunin jini: babu wanda ya fi ƙarfin asibitin da ke tiyata kullum. Abin da ke da tsada shi ne hannun da ya ƙware.

Ta hanyar laka

Duk matar da aka yi wa tiyatar haihuwa da allurar baya ta san cewa ɗigon magani kaɗan a ruwan da ke kewaye da laka yana kashe rabin jiki. A 1979 likitoci a asibitin Mayo na Amurka suka gwada zuba morfin a wannan ruwa ga masu ciwon daji, suka ga abin mamaki. Yau ana ƙiyasta cewa miligiram 1 a laka yana yin aikin wajen miligiram 300 na baki. Daga nan aka ƙera ɗan famfo da ake dasawa ƙarƙashin fatar ciki, yana tura magani ta siririn bututu dare da rana. Yana aiki ƙwarai, amma kuɗinsa miliyoyin sefa ne, kuma dole a riƙa komawa asibiti ana cika shi duk wata ɗaya zuwa uku. Idan ya ƙare ba a cika ba, mara lafiya na iya shiga haɗari. Bututun da ake bari a waje ya fi araha, sai dai ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma sanƙarau ne abin tsoro. A gidan da ruwa ke wuya, ga ƙura ga zafin bazara, tsabtar da yake buƙata ba ƙaramin aiki ba ne. Wannan hanya ta fi dacewa da wanda ke kwance a asibiti a makonninsa na ƙarshe.

Akwai tsohuwar dabara da ta fi kusa da halinmu. Tun 1931 likitan Italiya Dogliotti ya fara zuba ɗigon alkol a ruwan laka don ƙone saiwoyin jijiyar da ke ɗauko ciwo. Ana yin irinta da fenol ga masu raɗaɗin matuci, mutum na zaune. Haɗarinta shi ne fitsari da bayan gida su ƙwace, don haka an fi yi wa wanda tuni aka sa wa robar fitsari. Sai kuma yanke hanyar ciwo a cikin lakar kanta ta gefen wuya, ga mai raɗaɗin ɓari ɗaya na jiki. An fara ta da wuƙa a 1912, aka koma allura a shekarun 1960. Ko a Ingila asibitoci ƙalilan ne ke yinta.

Ƙashi da hasken Yamai

Raɗaɗin ƙashi ba abin da ya kai gashin haske a kansa. A 2021 ne cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashin haske na farko a Nijar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai dai a fita waje. Mutanen Damagaram masu hali kan nufi Kano, daga can a tura su Zariya ko Sakkwato. Amma Yamai na da nisan wajen kilomita 900 daga Zinder, a bi ta Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur a mota, ga mutumin da ko juyawa a shimfiɗa ba ya iyawa.

A nan wani sakamakon bincike yake da daraja gare mu. Gwaje-gwaje masu yawa sun tabbatar cewa gashi sau ɗaya mai ƙarfin girei 8 yana kwantar da raɗaɗin ƙashi daidai da gashi sau 10 da ake rabawa cikin mako biyu. Wajen mutum 6 cikin 10 suna samun sauƙi, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu. Waɗanda aka yi wa sau ɗaya sun fi buƙatar a maimaita musu daga baya, amma ga ɗan Zermu bambancin a bayyane yake: kwana biyu a Yamai, ko mako biyu ana biyan masauki da abinci na mutum biyu.

Idan ƙashin baya ya rufta saboda cutar, akwai aikin cusa wani irin siminti na likita ta allura don ya tsaya, wanda Galibert da Deramond suka fara a garin Amiyan na Faransa a 1984. Yana buƙatar na'urar hoto mai kyau da ƙwararre. Abin da kowane gida ya kamata ya riƙe shi ne alamar gaggawa: mai ciwon daji da bayansa ke ciwo, sai ƙafafu suka fara nauyi ko fitsari ya tsaya, laka ce ake dannewa. Awoyi ke aiki a nan, kuma wanda ya isa asibiti yana takawa ya fi samun damar ci gaba da takawa.

Ƙananan ayyuka masu babbar rana

Ba duk sauƙi ne ke buƙatar ƙwararren likita ba. Zuƙe ruwan da ya cika cikin mai dajin hanta yana ba shi damar cin abinci da numfashi. Zuƙe ruwan ƙirji ga mai dajin mama yana sa ta iya kwanciya. Robar fitsari tana kawar da azabar marar da ta toshe. Gyambon mama mai wari, wanda ke sa kishiya da ƴaƴa ƙaurace wa ɗaki, yana lafawa idan aka daka ƙwayar metironidazol aka barbaɗa a kai. Deksametazon yana rage kumburin da ke danne jijiya ko ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan asibitin gunduma irin na Mirya ko Gure zai iya, wasu ma majo a ƙaramin asibiti na CSI zai iya.

Haƙuri da tsoro

An tarbiyyantar da mu kan dauriya. Mace ta haihu ba a ji muryarta ba, namiji ya ce "da sauƙi" ko da ciwo na cinsa. Hali ne mai kyau, amma a gaban likita yana jawo a ba mutum ƙasa da abin da yake buƙata. Haƙuri da ƙaddara bai hana neman magani ba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da halatta amfani da abin da ke gusar da ji idan lalura ta kama, kamar yadda ake yi a tiyata. Alkol ɗin da ake ƙone jijiya da shi ba sha ake yi ba. Mara lafiyar da raɗaɗinsa ya kwanta shi ke iya salla da natsuwa, ya yi wasiyya, ya biya bashi, ya nemi gafarar ƴan'uwa. Likitar Ingila Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta koyar cewa raɗaɗin mai ciwon daji ya haɗa jiki da zuciya da damuwar iyali da ta addini. Allura tana ɗauke na jiki ne kawai. Sauran aikin dangi ne da liman.

Tsoro na biyu shi ne wai morfin allurar sallama ce. Dalilin wannan zato shi ne ba a ba da shi sai mutum ya kai gargara, sai mutuwa ta biyo baya a ɗora masa laifi. Idan aka fara da kaɗan ana ƙarawa daidai da ciwo, mutane na shan shi watanni suna harkokinsu.

Da me za a fara?

Uganda ta nuna hanya. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda, tana haɗa garin morfin da ruwa ana zubawa a gora. A 2004 ƙasar ta gyara doka, ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin likitoci ba su kai ƙauyuka ba. Majalisar lafiya ta duniya ta amince a 2014 cewa irin wannan jinya ta sauƙaƙa raɗaɗi ɓangare ce na aikin lafiya na kowace ƙasa. Nijar kuwa tun 2007 ta ayyana maganin dajin mata kyauta, saboda haka ƙofar doka a buɗe take. Sauƙaƙa raɗaɗi ya kamata ya shiga cikin wannan alkawari a aikace.

Jerin aikin, a ganina, haka yake. Na farko, ma'aikatar lafiya da hukumar magunguna ta ƙasa, ONPPC, su ɗaga ƙiyasin morfin, a riƙa haɗa na ruwa a Zinder, a kai shi asibitocin gunduma da rajista da makulli, a ba majojin da aka horar izinin bayarwa. Makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP da ke Zinder da sashen likitanci na Jami'ar André Salifou su sa auna raɗaɗi da sarrafa morfin cikin darussan dole. Na biyu, a tura likitoci biyu ko uku na sashen sa barci da na hoto su koyo kashe curin siliyak da na ƙasan ciki da eko, a ware musu rana ɗaya a mako a babban asibitin Zinder, wanda har mutanen Diffa da Agadas ke zuwa. Na uku, a shirya da cibiyar Yamai ta waya, ta yadda mai raɗaɗin ƙashi zai san ranarsa kafin ya hau mota, a yi masa gashi ɗaya ya dawo. Famfon da ake dasawa da simintin ƙashi su jira lokacinsu.

A Faransa allurar kashe jijiya tana zuwa ƙarshe ne, domin kantin magani na bakin ƙofa kuma ma'aikacin jinya na zuwa gida. A Damagaram, inda kowace komawa asibiti ke cin kuɗin akuya, aiki ɗaya da zai riƙe mutum wata uku ya cancanci a yi shi da wuri, tun mara lafiya na da ƙarfin tafiya. Sai dai jijiyar da aka ƙone tana iya farfaɗowa, cutar kuma tana buɗe sabon wuri, don haka wanda aka yi wa allurar ma zai nemi morfin a kusa da gidansa. Duk shirin da ya kawo ɗayan ya bar ɗayan zai bar rabin marasa lafiya a inda suke.